Adam Curle, mai kai saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu: shirunsa amana ne ko rufa asiri?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. In aka tayar da zancen yaƙin basasar Najeriya, sunayen da ke fitowa sanannu ne: Gowon, Ojukwu, Murtala, Shuwa, Adekunle, Obasanjo. Yau ina so mu tsaya kan wani Baturen Ingila da bai riƙe bindiga a yaƙin ba, bai kuma sa hannu a kowace yarjejeniya ba, amma ya yi ta kai-komo tsakanin Legas da Biyafara ɗauke da maganar da ɓangarorin biyu ba za su iya faɗa wa juna a fili ba. Sunansa Adam Curle, ɗan ɗarikar Kweka.

Kweka ɗarika ce ta Kirista da George Fox ya assasa a Ingila wajajen 1650. Su Abokai suke kiran kansu. A Ingila ba su da fada ko fasto. Taruwa suke yi su zauna shiru, wanda ya ji an motsa zuciyarsa ya miƙe ya yi magana. Ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali, don a ganinsu mai gaskiya ba shi da magana iri biyu. Tun zamanin Sarki Charles na biyu suka rubuta masa cewa ba za su ɗauki makami a kan kowa ba, kowane irin dalili aka kawo. A 1947 aka ba ƙungiyoyinsu biyu na agaji, ta Landan da ta Filadelfiya, kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Shi Curle ba a cikin ɗarikar aka haife shi ba. An haife shi ran 4 ga Yuli 1916 a garin L'Isle-Adam na Faransa, makonni biyar bayan kawunsa Charles Fisher ya nutse da jirgin yaƙi a gumurzun teku na Jutland, a yaƙin duniya na farko. Mahaifiyarsa Cordelia 'yan'uwanta maza uku yaƙi ya ci, kuma ita ta raine shi, ta cusa masa ƙin yaƙi tun yana ƙarami. Duk da haka ya shiga sojan Ingila a yaƙin duniya na biyu har ya kai manjo, ya ƙare da aikin taimaka wa fursunonin yaƙi da suka dawo gida suka kasa zama da iyalansu. Daga nan ya koyar a Oxford da Exeter, ya yi aikin tsare-tsare a Pakistan daga 1956 zuwa 1959, ya zama farfesan ilimi a Jami'ar Ghana. A can ne shi da matarsa Anne suka shiga ɗarikar.

Abin da nake so mu tattauna: mutumin ya ga abin da ya gani a yaƙinmu, ya ji abin da shugabanni suka faɗa masa a keɓe, amma bai fita ya tona wa kowa asiri ba lokacin da ake yaƙin. Wannan amana ce ko rufa wa masu laifi asiri? Kuma yau da ya rasu, takardunsa na ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Bradford, halal ne a gare mu mu buɗe wasiƙun mutum irin wannan?

Ɗan Zangon Nima:
Wa alaikumus salam Malam. Mu nan Akara har yanzu 'yan Kweka na da wurin taronsu a Achimota, ba su da yawa. Kuma Aburi da Gowon da Ojukwu suka zauna a Janairun 1967 ƙarƙashin Janar Ankrah, shugaban Ghana na lokacin, tana nan kan tudu, ba nisa da mu. Amma ina da tambaya, su ne masu Quaker Oats da ake dama wa yara?

Ɗalibar Sulhu:
A'a Yaya, kamfanin Amurka ne ya ari sunan don a yarda da kayansa, ba nasu ba ne. Cadbury mai Bournvita kam ɗan Kweka ne ya kafa shi a Birmingham. Kuma yau ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Kweka a duniya ita ce Kenya.

Malam, a ƙara da cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Su uku ne: shi, da John Volkmar wanda ke shirya tarukan tattaunawa na jami'an Afirka ta Yamma daga Lome, da Walter Martin na ofishin 'yan Kweka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Shi kansa Curle ya san Najeriya tun yana koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ta dalilin makarantar sakandaren gwaji da aka kafa a Ayetoro. Wato ba ranar da yaƙi ya ɓarke suka fara neman ƙofa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a fara harbi a Yulin 1967 suka zo suka gana da Ojukwu, da kuma Okoi Arikpo da Hamzat Ahmadu na ɓangaren tarayya.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi miki albarka 'yata da kika ambaci Hamzat Ahmadu. Yaran yanzu ba su san shi ba. Basakkwace ne, babban sakataren Gowon a Barikin Dodan, fadar gwamnatinsa a Legas, daga baya ya yi jakada a ƙasashe da dama har da Amurka, ya riƙe sarautar Walin Sakkwato. Wanda ya yi aikin gwamnati ya san ba a shiga wurin shugaba ta sama. Akwai mutum ɗaya da ke tace wanda zai shiga da takardar da za ta hau tebur. In wannan mutumin bai yarda da kai ba, ko Sarauniyar Ingila ce ta aiko ka sai ka tsufa a ɗakin jira. To waɗannan Turawa ba gwamnati ce ta aiko su ba, ba su da kuɗin bayarwa, ba su da makamin sayarwa. Abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne an gwada su an ga bakinsu ba ya zuba.

Ɗan Tsohon Soja:
Malam, da girmamawa, ni wannan labarin ba ya burge ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi yaƙin nan a runduna ta ɗaya, ta Shuwa, ya dawo da rauni a ƙafa da ya bi shi har kabari. Wace wasiƙa ce ta ƙare yaƙin? An zauna a Kamfala a Mayun 1968, an tashi baram-baram. An zauna a Yamai, an zauna a Adis Ababa, ba abin da ya fito. Yaƙi ya ƙare ne saboda sojoji sun karya Biyafara, Ojukwu ya hau jirgi ya tsere Kwaddebuwa ran 11 ga Janairun 1970, mataimakinsa Effiong ya miƙa wuya. Jinin talakawa irin su Baba ne ya riƙe ƙasar nan, amma sai a rubuta littafi a kan Bature mai jaka.

Kuma in za a faɗi gaskiya, Turawan da suka cika wurin da sunan tausayi sun tsawaita yaƙin. Filin jirgin Uli na Biyafara da jiragen abinci ke sauka, nan jiragen makamai ke sauka. Faransa na turo makamai ta Gabon da Kwaddebuwa. Duk mai shiga tsakani da ya sa Ojukwu ya ji duniya na ɗaukarsa shugaban ƙasa, ƙara masa taurin kai ya yi.

Malamin Tarihi:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kan cewa ba su ƙare yaƙin ba, gaskiyarka ne ɗan'uwa, kuma su ma ba su yi wannan iƙirarin ba. Mike Yarrow, jami'in 'yan Kweka da ya tattara rahotanninsu ya buga littafi a 1978, bai ce sun kawo sulhu ba. Gaɓar da aka cije a kai ba ta motsa ba daga farko har ƙarshe: Legas na cewa a janye ɓallewa tukuna sannan a tsagaita wuta, Biyafara na cewa a tsagaita wuta tukuna ba da sharaɗi ba. A Kamfala Enahoro ne ya jagoranci tawagar tarayya, Sir Louis Mbanefo ta Biyafara, kuma ana cikin taron aka nemi wani sakataren tawagar tarayya, Johnson Banjo, aka rasa, daga baya aka tsinci gawarsa. A irin wannan yanayin, samun wanda zai fita daga wannan masauki ya shiga wancan a yarda da shi ba ƙaramin abu ba ne.

Amma batun tsawaita yaƙi a bambanta. Zargin da ake wa gadar jiragen agaji daga tsibirin Sao Tome zargi ne da masana suka daɗe suna muhawara a kai. Su Curle ba su taɓa kiran Biyafara ƙasa ba, ba su nema mata amincewar kowa ba. Ƙasashe biyar suka amince da ita, Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti, ba hannun 'yan Kweka a ciki. Ƙungiyarsu ta agaji ma ɓangarorin biyu ta tura ma'aikata.

Hajiyar Damagaram:
Ni daga Nijar nake, kuma ta wata fuska daban nake ƙin abin. Ɗana Ɗan Tsohon Soja na ganin mutumin ya tausaya wa Biyafara fiye da kima, ni kuwa ina ganin bai tausaya wa yaran da ke mutuwa yadda ya kamata ba. Ya shiga can da dare, ta titin mota da aka mayar filin jirgi, ana kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe don gudun bam. Ya ga yara masu kumburin ciki da jan gashi. Ya ga kasuwannin da aka jefa wa bam. Sannan ya fito ya koma Legas ya zauna da wanda ya rufe hanyar abincin suna gaisawa da murmushi, ya koma can ya zauna da wanda ya ƙi yarda abinci ya shigo ta ƙasa suna gaisawa da murmushi. Uwa ce ni. Ban ga yadda zan iya haɗiye wannan ba.

A yaƙin nan dai wasu likitocin Faransa da ke aiki ƙarƙashin Red Cross, irin su Bernard Kouchner, suka ce ba za su ƙara yin shiru ba. Daga nan aka haifi ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971. Mu a Maraɗi da Damagaram mun ga amfanin ƙin yin shirun nan a 2005, lokacin da manya ke cewa ba yunwa, su kuma suna auna hannun yara suna faɗa wa duniya abin da suka gani. Da kowa ya riƙe amanar manya, wa zai riƙe amanar yaran?

Ɗalibar Sulhu:
Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a ajinmu ma nan ake rabuwa. Zan faɗi yadda shi ya bayyana aikin a littafinsa na 1986 kan shiga tsakani. Ya ce aikin ya ƙunshi buɗe hanyar magana da kiyaye ta, da kai wa kowane ɓangare labari na gaskiya, da yin abota da su, sannan a ƙarshe a taimaka musu su ga mafita. Abotar nan ita mutane ba sa iya haɗiyewa. Hujjarsa ita ce shugaban da ke yaƙi kewaye yake da masu faɗa masa abin da yake son ji, yana cikin tsoro, kuma ya riga ya zana abokin gabarsa a matsayin dodo. In ka tsaya a rediyo ka zage shi, ka shiga sahun maƙiyansa ke nan, ƙofa ta rufu. In ya tabbata ba ka zo ka kunyata shi ba, za ka iya faɗa masa a ɗaki abin da ministansa ba zai iya ba.

Shirun nasa ga jarida ne, Hajiya, ba ga Gowon ba. Abin da suka gani na yunwa da bama-bamai Legas suka kai shi, ga mai ikon ba da umarni. Suka yi ta nanata wa Legas cewa tsoron da Ibo ke yi na a ƙare da su ba farfaganda ce kawai ba, da gaske mutane sun yi imani da haka. Suka yi ta nanata wa Biyafara cewa mutumin da suka gani a Barikin Dodan ba kisan ƙare dangi ya sa a gaba ba. Masu ɗaga murya sun yi yawa a lokacin, hotunan yaran sun cika jaridun Turai tun tsakiyar 1968. Wanda zai shiga ɗakuna biyun nan ne ya yi ƙaranci.

Hajiyar Damagaram:
Na ji ki 'yata. Amma yaran sun mutu dai.

'Yar Wusasa:
Sun mutu Hajiya, ba mai musun wannan. Ƙiyasin da ake yi daga dubu ɗari biyar ne zuwa miliyan biyu, akasarinsu yunwa ce. Ni Bahaushiya ce Kirista, daga garin da Gowon ya tashi, inda mahaifinsa ya yi aikin bishara. Ina so in faɗi abin da muke tsallakewa in muna wannan hira a tsakaninmu. Tsoron da Ɗalibar Sulhu ta ambata a nan arewa aka shuka shi. An kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari da Kur Mohammed ran 15 ga Janairun 1966, ciwon nan gaskiya ne, har yau yana mana zafi. Amma a watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na shekarar, an kashe dubban Ibo a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe da ba su san hawa ba su san sauka ba. Fiye da miliyan suka gudu gabas. Sannan ga abin da ya faru a Asaba a Oktoban 1967. Wanda ya tsira daga wannan, in ka ce masa ya ajiye makami ba abin da zai same shi, da me zai yarda?

To ku duba ƙarshen yaƙin. Duniya ta zuba ido tana jiran yanka, ba a yi shi ba. Gowon ya rungumi Effiong ran 15 ga Janairun 1970, ya ce ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci. Ban ce Curle ne ya sa ba. Halin Gowon ne da tarbiyyarsa, kuma tun 1967 ya fitar wa sojoji ƙa'idar yadda za su bi da farar hula, ya kuma gayyato masu sa ido daga Ingila da Kanada da Suwidin da Folan a 1968. Amma shugaba ma mutum ne. In shekara biyu ana samun wanda ya yarda da shi yana zuwa yana tuna masa cewa na can ɗin ma 'yan Adam ne masu tsoro, ba zan ce a banza ba ne.

Ɗan Tsohon Soja:
Anti, ban musa kashe-kashen 1966 ba, Baba da kansa ya sha faɗa mana cewa abin kunya ne. Amma rungumar da kike magana, ku tambayi Ibo su ba ku labarin fam 20 da aka ba kowa komai yawan kuɗinsa a banki, da gidajensu na Fatakwal da aka ce an yi watsi da su. Ina mai kai saƙo a lokacin? Ya koma Harvard. Mu aka bari da juna. Wannan shi ne abin da ke damuna da baƙon mai sulhu, ba ya kwana a gidan da ya sasanta.

Almajirin Zaure:
Bismillah. Malamai da iyaye, a ba ni dama in kawo ɓangaren addini, don kada a ɗauka muna tallar aƙidar wasu. Ƙin yaƙi kwata-kwata irin na 'yan Kweka ba koyarwar Musulunci ba ce. Aya ta 9 a Suratul Hujurat ta ce idan ƙungiya biyu ta muminai suka yi faɗa a sulhunta su, idan ɗaya ta yi zalunci a yaƙe ta har ta dawo ga umarnin Allah, in ta dawo a yi sulhu da adalci. Ga sulhu a farko, ga sulhu a ƙarshe, amma ga ƙarfi a tsakiya. A nan mun rabu da su, kuma ba laifi a faɗa.

Amma kan ganawar sirri da Hajiya ke ƙi, Suratun Nisa'i aya ta 114 ta ce babu alheri a yawancin ganawarsu ta asiri, sai wanda ya yi umarni da sadaka, ko kyakkyawan aiki, ko gyara tsakanin mutane. Wato an ware wa mai sulhu izinin yin magana a ɓoye. Har ma hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce mai sulhunta mutane yana kai alheri yana faɗin alheri ba maƙaryaci ba ne. Abin lura, mu an yi mana sassauci mu tausasa magana in za mu kai ta, su kuwa aƙidarsu ta hana su ko ƙarin gishiri. Dole su kai magana yadda take, su nemi alherin da ke cikinta da gaske su nuna. Wannan ya fi wuya.

Malamin Tarihi:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Ɗan Tsohon Soja, maganarka ta ƙarshe ita Curle da kansa ya iso gare ta da tsufa. Bayan ya zama farfesan farko na nazarin zaman lafiya a Bradford a 1973, kujerar da 'yan Kweka suka tara kuɗi aka kafa, ya yi ritaya a 1978 ya ci gaba da shiga tsakani a Zimbabuwe da Siri Lanka. Sai yaƙin Yugoslabiya ya zo. A 1992 ya je Osijek a gabashin Kuroshiya, garin da ake wa ruwan bama-bamai, kusa da Vukovar da aka rusa. Can ya tarar da wasu 'yan garin, cikinsu har da likita Katarina Kruhonja, sun kafa cibiyar zaman lafiya da kare haƙƙin ɗan Adam. Suna zuwa su zauna a gidajen Sabiyawa maƙwabtansu don hana a fitar da su da ƙarfi, a lokacin da yin haka ke sa a kira ka maci amana. Abin da ya gani ya sauya masa tunani. Ya rubuta cewa shiga tsakanin manya daga waje ba ya isa, musamman a yaƙin da maƙwabci ke kashe maƙwabci, kuma aikin baƙo shi ne ya tallafa wa 'yan gida ya koma gefe. Ya yi ta komawa Osijek yana ba su horo da ƙarfin gwiwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya rasu a Landan a Satumban 2006 yana da shekara 90.

'Yar Wusasa:
Irin aikin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ke nan a Kaduna. Sun yaƙi juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, suka dawo suka kafa cibiyar sulhu tare, suka je har Yelwan Shendam bayan kashe-kashen 2004. Su suna kwana a gidan da suka sasanta.

Ɗan Tsohon Soja:
Waɗannan kam na cire musu hula. Amma ku yi hankali da wannan darasi na abota da mai bindiga. A Zamfara da Katsina mun ga masu shiga daji da sunan sulhu, a ɗauki hoto, a dawo a yi hira da 'yan jarida, bayan wata ɗaya a sake kwashe ƙauye.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, ai ka ba da amsar da bakinka. Hoto da hira da 'yan jarida. Wanda ya fito daga ganawa ya nufi makirufo, kansa yake wa aiki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma akwai bambanci tsakanin ɓangare biyu masu shugabanci da abin da suke nema a siyasance, da gungun ɓarayi da kowane daji da nasa sarki.

Amma ni tambayar Malam ta biyu ce ta tsaya mini, ba wanda ya taɓa ta. Wasiƙun.

Malamin Tarihi:
Na gode Baba da ka dawo da mu. Akwai abin da ya sa na yi tambayar. Mahaifin Adam, Richard Curle, marubuci ne kuma aminin shahararren marubucin nan Joseph Conrad. Conrad ya rasu a 1924, a 1928 Richard ya buga wasiƙu 150 da aminin nasa ya rubuta masa, duniya ta karanta. Uban ya yi suna da buɗe wasiƙun aboki, ɗan kuma aikinsa ya dogara ne kan kada abin da aka ba shi ya fita. Ko a littattafansa na baya, sau da yawa Adam kan ba da misali da shugabanni ba tare da ya kama suna ba. To ga takardunsa a Bradford, ga rahotannin da tawagar ke aikawa ofis a ma'ajiyar 'yan Kweka ta Filadelfiya. Gowon na raye. 'Ya'yan sauran na raye.

Ni ra'ayina a buɗe. Mutum ya faɗi magana a matsayinsa na shugaban ƙasa a kan yaƙin da ya ci rayuka haka, maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Amanar an riƙe ta ne don kada ƙofa ta rufu ana tsakiyar yaƙi, yanzu ba ƙofar da za ta rufu.

Almajirin Zaure:
Malam, a nan ban bi ka ba. Zama amana ne. In mutum ya yi maka magana ya waiga, ya ba ka ajiya ke nan, kuma ban ga inda mutuwa ke warware ajiya ba. Sannan ka duba gaba: in shugaban gobe ya san duk abin da ya faɗa wa mai sulhu za a karanta shi wata rana, zai buɗe cikinsa?

Hajiyar Damagaram:
Ni kuma a nan ina tare da Malamin Tarihi. Tunda an ce mana shirun don amfanin yaran aka yi, to a nuna mana abin da aka faɗa a ɗakin, mu auna da kanmu. Ko mu nan, taron Yamai na Yulin 1968 da Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncinsa, Gowon ya zo, Ojukwu ya zo, ba a rana ɗaya ba, kuma batun hanyar shigar da abinci na cikin abin da aka tattauna. Jikokinmu sun cancanci su san wa ya ce e, wa ya ce a'a.

Ɗalibar Sulhu:
Akwai hanya tsakanin biyun, kuma ita ma'ajiyun tarihi ke bi. A raba wasiƙar da mutum ya rubuta wa matarsa ko 'yarsa da rahoton ganawa da shugaba. Ta farko iyali ke da iko, suna iya cewa a rufe har shekara kaza. Ta biyu a jira wa'adi sannan a buɗe. Gwamnatin Ingila shekara 30 take rufe takardunta a da, yanzu ta mayar 20. Da wa'adin na yaƙin basasa ya cika a ƙarshen shekarun 1990, sai aka ga ƙarara yadda gwamnatin Harold Wilson ke lissafin man Shell-BP tana aiko wa Legas makamai fiye da yadda take faɗa wa majalisarta. Da an ce amana ce har abada, da ba mu sani ba. Shugaban da ya san sai bayan shekara 30 za a karanta, zai iya magana, Malam Almajiri.

Baba Mai Ritaya:
To ku ji ni. Muna ta jayayya kan takardun Bature da aka jera aka ba lamba a Bradford, namu fa? Tsararmu da na gabanmu, sakatarori da hakimai da alƙalai da hafsoshi, mun rubuta wasiƙu da boko da ajami, mun ajiye littattafan tunatarwa. Ina da abokan aiki da suka rasu, adakar ƙarfe cike da takardu, magada suka raba gida da fili, takardun aka bar wa gara, wasu aka ba mai ƙosai. Shi ya sa in ana ba da labarin yaƙin nan sai a ji muryar Bature da muryar Ibo, don su sun rubuta sun adana, tamu sai guntu-guntu. Ga Gidan Arewa a Kaduna, gidan Sardauna ne, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ga ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna ɗin. Ɗan Tsohon Soja, Baba ya bar wani abu a rubuce?

Ɗan Tsohon Soja:
Ya bari, Baba. Wasiƙun da yake aiko wa Inna daga fagen daga, da ajami, suna wurin yayarmu a Gusau. Akwai abubuwan da ke ciki da ba na jin za ta yarda bare ya gani, don ya faɗi abin da ya gani da idonsa, na ɓangarenmu da na wancan. Zan kira ta da daddare in karanta mata abin da Ɗalibar Sulhu ta rubuta kan sa wa'adi. Malam, in ta amince, akwai wanda ya iya tsohon ajami a cikinku da zai taimaka a juya su? Tawadar wasu ta fara dushewa.

Almajirin Zaure:
Ni zan iya, in sha Allah. Ka ɗauki hoton kowane shafi a inuwa, kada ka sa hasken waya, kuma kada a manna musu salatif. Waɗanda Yaya ta ce a rufe, kada ka turo mini su.